Gida Goma Sha Ɗaya, Babu Rijiya

Ranar da tirela ta sauke bututan ruwa a bakin titin Gagarawa Tasha, Rahmatu ta fita unguwa sau uku. Da farko ta ce wa mijinta Kamilu za ta je dubiya. Na biyu ta ce ta manto kwanonta a gidan dubiyar. Na uku ba ta ce komai ba, don Kamilu ya riga ya fita da mota. Duk hanya ɗaya ta bi, kuma duk a wuri ɗaya tafiyarta ta ragu: gaban tarin bututan nan shuɗɗa, sababbi fil, an jera su kamar rake. A fita ta uku har ta kai hannu ta shafa ɗaya, sannan ta waiga ko wani ya gan ta.

Ba yau aka fara yi wa mutanen garin alkawarin ruwa ba. An yi musu da baki, an yi a rediyo, an yi a jikin allo da hoton mutum yana murmushi. Amma wannan karon abin ya zo da jiki. An ɗora tanki a kan ƙafafun ƙarfe bayan makarantar firamare, an jera faifan sola a gefensa, kuma ranar gwaji mutane sun ga ruwa da idonsu yana malalowa daga sama. Yanzu ga bututai. An ce har cikin gidaje za a kai, kowa da famfonsa.

A tsakar gidan Rahmatu, a Unguwar Tsamiya, akwai rijiya mai zurfin gaba ashirin da biyar. Surukinta ne ya haƙa ta, kuma har ya rasu yana alfahari da ita, da yake shi bai taɓa jan guga a cikinta ba. A ƙasar Gumel ruwa ba ya son mutane. Can ƙasa yake zamansa, sai wanda ya matsu ya bi shi. Shekara ashirin da ɗaya Rahmatu tana binsa, guga talatin a rana idan babu wanki. Tafin hannunta ya yi kanta har mai lalle takan yi ƙorafin cewa zanenta ba ya kamawa. Kafaɗarta ta dama kuwa ta koyi yin magana da asuba, kafin ladan.

Saboda haka tun kafin a tambaye ta, ta zaɓi inda za a kafa famfonta: gefen madafi, ƙarƙashin darbejiya, taku huɗu daga murhu. Ta share wurin, ta kawar da turmi. Idan ta wuce takan ɗan kauce, kamar famfon yana nan tsaye kada ta buge shi.

Ranar Talata mai unguwa Shehu ya sa aka yi shela cewa jibi Alhamis ma'aikatan hukumar ruwa za su zo ƙirga rijiyoyi gida-gida, kuma mace ce za ta riƙa shiga, kada a ce ba a shiga.

Kamilu ya dawo da labarin a bakinsa, ya zauna a gaban tuwo bai wanke hannu ba. Direban motar haya ne, yana bin Gagarawa zuwa Gumel zuwa Maigatari, kuma shekara ashirin da ya yi a tasha ta sa ya san gwamnati fiye da yadda gwamnati ta san kanta.

"Ƙirga rijiyoyi," ya ce. "Kin ji dai ko? Ba ƙirga mutane ba. Rijiyoyi."

"Na ji, Malam. Ai sai sun san gidajen kafin su ja bututun."

"Rahmatu, ke mutuniyar kirki ce, shi ya sa kike tunani haka. Shekarar da aka raba taki, me aka yi wa Hussaini da ya ce yana da shanun noma?"

"An ce mai hali ne."

"Da aka zo rabon gidan sauro, Yaya Larai ta nuna musu tsohon nata mai ɓula bakwai don su tausaya mata. Me suka ce?"

"Suka ce tana da shi."

"To. Gwamnati ba ta ba mai abu abu. Duk wanda aka gani da rijiya, za a ce wannan yana da ruwansa, a tsallake ƙofarsa. Ke kina ja, maƙwabcinki yana murɗa famfo."

Rahmatu ta auna zancen. Ta nemi inda maganar ta gurgunce ba ta samu ba. Ita ma ta san shekarar takin, ta san gidan sauron. Ta dubi wurin da ta share a ƙarƙashin darbejiya.

"To yaya za mu yi? Rijiya ba akuya ba ce da za a kai gidan wani ta kwana."

"Wa ya ce miki muna da rijiya?" in ji Kamilu, sannan ya jawo ruwan wanke hannu.

Kafin azahar ɗin Laraba, dabarar ta zaga gidaje goma sha ɗaya na layinsu, kuma babu wanda ya yi gardama, don kowa yana da labarin rabon da aka tsallake shi. Unguwar Tsamiya ba ta taɓa yin aikin gayya da nishaɗi irin na ranar ba. Mata suka cika randuna da jarkoki da duk wani abu mai baki. Maza suka shiga aikin rufi. Hussaini ya tara karan dawa a kan tasa har ta zama kamar an yi girbi jiya. Wani ya tura amalanke ya ajiye a kai, ya cire ƙafa ɗaya don a ga ta daɗe a wurin. Larai, gwauruwa mai kaifin baki da ke gida na kusa da su Rahmatu, ta sa aka ɗora mata akurkin kaji, kajin suka shiga suna leƙen ƙasa da ido ɗai-ɗai.

Ta Kamilu ce ta fi kowace kyau, kamar yadda ya kamata ga mai dabara. Bakin rijiyar da ma an ɗaure shi da siminti, tsayin gwiwa. Ya cire itacen da igiya ta ci har ya yi kwari, ya shimfiɗa tsohon ƙyauren ɗaki da katakai biyu, ya rufa tabarma har ƙasa, ya ɗora darduma da matashin kai. Ya ja da baya ya duba.

"Dakali," ya ce. "Ko ni sai in zauna."

Bai zauna ba.

Abu na ƙarshe da ya tuna shi ne igiyoyi. Gidan da babu rijiya, me igiya mai gaba ashirin da biyar take yi a cikinsa? Kuma ma'aikatan gwamnati, in ji shi, har ƙarƙashin gado suke leƙawa. Saboda haka da sassafen Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ya bi gida-gida ya tattara igiyoyi da gugogi goma sha ɗaya, ya danna su a but ɗin motarsa, ya zauna a kan murfin har ya kama. Kafin ya tafi ya sake yi wa Rahmatu karatu.

"Kuna da rijiya?"

"Babu."

"Ina kuke samun ruwa?"

"Wurin 'yan garuwa, ko tuƙa-tuƙan firamare."

"Kada ki ƙara ko kalma. Kuma kada ki rantse, babu buƙata. Ki dai sa fuskar wahala."

"Wannan ba sai na sa ba," in ji Rahmatu.

Ma'aikatan sun iso bayan azahar, suka fara daga can ƙarshen layi, gidan su Rahmatu ya zama na ƙarshe. Ta yi shara sau biyu. Ta canza ɗankwali. Ta ga ya yi kyau da yawa ga mai fuskar wahala, ta mayar da na farkon. Ta kan katanga Larai tana ba ta rahoto: an shiga gidan Hussaini, an fito. An shiga na mai amalanke, an fito. Ko minti uku ba a yi a kowane gida, alamar aiki yana tafiya daidai.

Wajen ƙarfe uku aka yi sallama. Wata budurwa ce, ba za ta wuce shekara ashirin da bakwai ba, da hijabi ruwan toka da 'yar rigar ma'aikata mai ƙyalli a kai. A kafaɗarta akwai akwatin sanyi irin na masu allurar rigakafi, a hannunta takardu. Ta ce sunanta Mahbuba. Ta gaida Rahmatu da ladabi, ta duba tsakar gidan, ta ga wuri ɗaya mai inuwa da darduma da matashi, ta nufe shi.

"Malama, ga kujera nan," in ji Rahmatu da sauri.

"Bar shi, Mama, nan ma ya yi." Ta zauna, ta sauke akwatin a gefenta. Ƙyauren ya ɗan yi ƙara. "Kai, wurin nan da sanyi."

"Darbejiyar ce," in ji Rahmatu. Idonta yana kan katakon, tana lissafin shekarun ƙyauren da nauyin 'yar mutane, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Ta kawo ruwa a kofi don ta sami abin yi da hannunta. Mahbuba ta kurɓa, ta ɗan riƙe shi a baki kafin ta haɗiye, ta dubi kofin, ta dubi hannun da ya miƙo shi.

"Sunan mai gida?"

"Kamilu Sa'idu."

"Mutum nawa ne a gidan?"

"Bakwai."

"Kuna da rijiya?"

"Babu."

Mahbuba ta yi ajiyar zuciya ta rubuta. "Ikon Allah. Gida goma sha ɗaya ke nan. An ce mana layin nan kowane gida da rijiyarsa, har na taho da kwalabe goma sha biyu." Ta rufe takardar ta miƙe. "To Mama, na gode. A gaida mai gida."

Da Rahmatu ta bi umarnin mijinta, da a nan aka rabu, kamar yadda aka rabu a gidaje goma. Amma kwana tara tana zagaye famfon da ba a kafa ba, kuma ga mai famfon a tsakar gidanta za ta fita. Bakinta ya riga ta.

"Malama, don Allah, in an zo kafawa, ga inda nake so. Nan gefen madafi. Yaushe za a fara?"

Mahbuba ta tsaya. "Ai Mama ku sai zango na biyu."

"Wane ne zango na biyu?"

"Mai unguwa bai yi muku bayani ba? Wannan aikin na gidajen da ke shan rijiyar cikin gida ne. Tun amai da gudawar da aka yi da daminar bara aka auna wasu rijiyoyi, aka ga da yawa sun yi kusa da masai, ƙazanta tana tsiyaya ciki. Shi ne aka ce masu rijiya za a fara ja wa famfo, su daina sha. Ranar Litinin za a fara haƙa. Ku da kuke ɗiba a tuƙa-tuƙa ruwanku mai kyau ne, za ku ɗan jira."

"Jira zuwa yaushe?"

"In an samu kuɗin zango na biyu."

Rahmatu ba ta yi boko mai nisa ba, amma ta san zango na biyu. Asibitin garin yana da shi, titin kasuwa yana da shi, kuma tun tana goyon ɗanta na fari ake jiransu.

Ta dubi ƙofa, ta dubi dardumar. Idan ta buɗe baki, ta ƙaryata kanta a gaban yarinya ƙarama, ta ƙaryata mijinta, ta ƙaryata gidaje goma har da na mai unguwa, wanda yake zaune a waje cikin motar hukuma yana shan iska. Idan ta yi shiru, guga talatin gobe, guga talatin jibi. Kafaɗarta ce ta yanke hukuncin.

"Malama, ɗauki akwatinki."

"Na'am?"

"Ɗauke shi daga nan."

Mahbuba ta ɗauka. Rahmatu ta jefar da matashin, ta yaye dardumar da tabarmar, ta sa hannu biyu ta ture ƙyauren ya faɗi gefe. Sanyi da warin ruwa suka taso. Mahbuba ta leƙa, ta ga sararin sama can ƙasa kamar kwabo, ta ja da baya a hankali ta nemi kujerar da ta ƙi ɗazu.

"A kan wannan na zauna?"

"Na ce miki ga kujera."

Mahbuba ta rufe fuska da takardunta, kafaɗunta suna rawa. Da ta ɗago, idonta ya kawo ruwa don dariya. "Na ji ɗanɗanon ruwan rijiya a kofinki, na ga hannunki. Na ce to, ko ba ta son famfon ne. Sauran gidajen fa?"

Kafin Rahmatu ta amsa, murya ta zo daga kan katanga. "Tawa tana ƙarƙashin kaji," in ji Larai, wadda ta ji komai, kamar kullum.

"To ba a makara ba," in ji Mahbuba, tana buɗe akwatin. "Amma gani da ido bai isa ba. Kowane gida sai na cika kwalba da ruwan rijiyarsa a gabana, in manna lamba. Babu kwalba, babu suna. Ƙarfe huɗu za mu tafi, don sai mun kai su ɗakin awo kafin a tashi. Kawo guga."

Rahmatu ta dubi Larai. Larai ta dubi sama.

"Gugan ya tafi kasuwa," in ji Rahmatu.

Ta ɗauko waya ta kira Kamilu. A Maigatari layi yakan tsallaka Nijar ba da izinin mai shi ba, saboda haka wata mata ce ta amsa da Faransanci, cikin natsuwa, ta maimaita sau biyu. Mai sayar da igiya a garin shi ma yana Maigatari, don Alhamis ce. Larai ta zagayo da igiyar shanya da ta ɗaure akuya, aka gwada, ko gaba biyar ba su kai ba. Ƙarfe uku da kwata.

Rahmatu ta tsaya a bakin rijiyar tana kallon ruwanta, wanda ta ja shekara ashirin da ɗaya ba ta so, yau tana so ya fi ƙarfinta. Sai ta juya ta shiga ɗaki da gudu. Aka ji ƙarar akwati. Ta fito da turamen atamfa uku da ba a ɗinka ba, waɗanda take ajiya tun shekaru, ko Kamilu bai san na ukun ba.

"Turmi yadi shida ne," ta ce tana warwarewa. "Gaba uku ke nan. Yaya Larai, nawa gare ki?"

"Ni? Gwauruwa? Ina na ga atamfa?"

"Yaya Larai, ƙarfe huɗu."

"Biyu," in ji Larai. "Da wani leshi da ba na so a gani."

Cikin minti goma labarin ya bi ta kan katangu ya kai ƙarshen layi ya dawo. Mata suka fara shigowa da ƙunshi a ƙarƙashin hijabi, kowace tana rantsuwar shi ke nan abin da take da shi, sannan ta zaro wani. Unguwar da ta kwana tana koyon fuskar wahala ta baje dukiyarta a tsakar gidan Rahmatu, ja da kore da ruwan goro. Larai ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa tana haɗa bakin turmi da turmi, tana yi musu ƙullin majanyi, irin wanda yaro ba ya zamewa.

"Ja ki gani," takan ce wa matar Hussaini. "Ja da ƙarfi, ba gashin kishiyar wata ba ne, atamfarki ce."

"Wallahi ko sau ɗaya ban ɗaura ta ba."

"Yau rijiya za ta ɗaura miki."

Aka ɗaura butar ƙarfe a ƙarshe, aka haɗa mata dutse don ta nitse. Mata shida suka jeru, Rahmatu a gaba, suka fara saki. Butar ta sauka tana bugun bango, atamfa tana binta launi bayan launi. Mahbuba ta tattare hijabinta ta haska da fitilar waya, tana faɗin saura kaɗan, saura kaɗan, ta manta ita ma'aikaciya ce. Leshin Larai ya shiga. Igiyar shanya ta shiga. Igiyar akuya ta shiga, har ƙarshenta ya zo hannun Rahmatu, ta durƙusa ta miƙa hannu cikin rijiyar iya tsawonsa.

"Ta taɓa?"

"Tana lilo a kansa," in ji Mahbuba. "Saura kamar gaba biyu."

Ƙulle-ƙullen da ninkin da aka yi wa atamfofin don kada su yage sun cinye tsawon. Aka dubi juna. Abin da ya rage sai zannuwan da ke jikin mutane. A waje direban hukuma ya danna hon sau ɗaya. Huɗu saura ashirin da biyar.

Larai ta miƙe ta karkaɗe zaninta. "Ku riƙe. Na san inda yadi takwas yake zaune ba ya aikin komai."

Rahmatu ta miƙa wa matar Hussaini igiyar ta bi ta har zaure, ta laɓe tana ji. Mai unguwa Shehu yana zaune a kujerar gaban mota da farin rawaninsa, wanda ya naɗa musamman don baƙi.

"Ranka ya daɗe, rawanin muke so aro."

"Wane rawani? Larai, kina cikin hankalinki? Kin san abin da ake nufi idan aka cire wa mai unguwa rawani a bainar jama'a?"

"Na sani. Ka san abin da ake nufi da zango na biyu?" Ta zayyana masa komai a tsaye. "Kuma yarinyar ta ce an yi muku wannan bayanin a taron sakatariya."

Mai unguwa ya yi gyaran murya. "An faɗi wani abu mai kama da haka."

"Shi ne ba ka gaya mana ba?"

"Na ɗauka dabara ce, don masu rijiya su tona kansu. Kamilu ma haka ya gani."

"Taka rijiyar fa, ranka ya daɗe?"

Tasa tana ƙarƙashin buhunan ƙaiƙayi, kuma uwargidansa tana cikin matan da ke riƙe da atamfa a ciki. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ce wa direban ya ɗaga gilashi. Da gilashin ya sauka, mai unguwa yana zaune da hular saƙa kamar kowa, rawanin yana hannun Larai.

"A wanke shi kafin a dawo da shi," ya ce. "Kuma gidana ne na biyu."

Aka ƙulla rawanin, aka sake saki. Wannan karon sautin ya zo daga ƙasa, ƙarami, sannan igiyar ta yi nauyi. Rahmatu ta san wannan nauyin fiye da muryar 'ya'yanta. Ta ja, matan suka ja a bayanta, suna ja da baya har cikin zaure. Rawani ya fito, leshi ya fito da laka a jiki, atamfofi suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowace mai ita tana cewa wayyo a hankali. Butar ta iso baki tana zubar da ruwa. Matar Hussaini ta rangaɗa guɗa.

Mahbuba ta cika kwalba, ta rufe, ta manna takarda. Ta buɗe fom ɗin ta soke "babu", ta rubuta "akwai". Rahmatu ta tsaya a kanta har ta gama, ta sa ta karanta mata sunan da ƙarfi, sannan ta kama hannunta ta kai ta gefen madafi ta nuna mata wurin, don kada masu haƙa su zo su yi son ransu.

"Na gani, Mama. Na ma ɗauki hoto. Saura gida goma, minti ashirin."

Abin da mutanen titi suka gani bayan nan, an daɗe ana ba da labarinsa a tasha. Mata sama da ashirin suka fito a guje ɗauke da igiyar atamfa a kafaɗu, buta tana reto a gaba, ma'aikaciyar gwamnati tana binsu da akwatin sanyi. Suka faɗa gidan mai unguwa, buhunan ƙaiƙayi suka tashi sama. Suka fito suka faɗa gidan Larai, kaji suka watse ta kan katanga. Mazan da suka rage a gari suna gaba suna yaye abin da suka rufa jiya, da saurin da ya fi na jiyan. Mai amalanke ya rasa inda ya ajiye ƙafar da ya cire, sai mutum takwas suka ɗaga ta. Direban hukuma ya danna hon ƙarfe huɗu, ya sake dannawa huɗu da minti goma, sannan ya haƙura ya fito ya kama igiyar shi ma. Abokin aikin Mahbuba yana biye da gwangwanin shuɗin fenti, duk ƙofar da aka cika kwalbarta ya rubuta mata lamba.

Huɗu da rabi motar hukuma ta tashi da kwalabe goma sha ɗaya. Matan suka kwance ƙulle-ƙullen da haƙora, aka ɗauraye, aka shanya a kan katangu tun daga farkon layi har ƙarshe. Rahmatu ta zauna a zaure, hannunta yana zafi, kafaɗarta tana faɗin abin da ta saba faɗi, ita kuwa dariya take yi ita kaɗai.

Ba a yi minti goma ba sai ga motar Kamilu ta shigo layin da gudun da bai taɓa yi ba, da rago a ɗaure a sama da fasinja bakwai a ciki. A tashar Maigatari wani direban Sule Tankarkar, wanda aka ƙirga garinsu makon jiya, ya ba shi labarin yadda aka rubuta masu rijiya aka bar sauran. Kamilu bai tsaya sauke 'yan Gumel a Gumel ba. Ya taka birki a ƙofar gidansa, ya fito bai kashe mota ba, ya ɓalle but, igiyoyi da gugogi suka zubo ƙasa.

"A buɗe rijiyoyi! Kowa ya buɗe! Ina ma'aikatan?"

"Sun tafi," in ji Larai daga ƙofarta.

Kamilu ya dafe mota. Sai a lokacin ya ga atamfofin da ke kan katangu, da mai unguwa yana wucewa da hular saƙa bai ko dube shi ba, da shuɗin fenti a kowace ƙofa. Rahmatu ta leƙo daga zaure.

"Sannu da zuwa, Malam."

"Mene ne wannan a ƙofar?"

"Lambar famfo. Litinin za su fara haƙa."

"An rubuta mu?"

"An rubuta kowa."

Ya matsa kusa da ƙofar ya duba lambar da kyau, fentin bai ma bushe ba. Daga cikin mota wata tsohuwa tana tambayar wa zai mayar da ita Gumel, ragon yana kuka a sama. Kamilu ya gyara hularsa, ya juyo wurin fasinjojin, ya nuna ƙofar da makullin mota.

"Ku duba nan," ya ce. "Duk unguwar nan, gidana ne lamba ɗaya."